Ƙorafi Uku na Dogo Mai Walda

Ranar da Dogo mai walda ya fara shiga gidan abincin, wata yarinya da ake kira Auta ce ta kawo masa faranti. Ta ajiye, ta ce a ci lafiya, ta wuce abinta.

Ya bar mata tukuici mai tsoka. Yana gani ta jefa a akwatin da ma'aikata duka ke rabawa, ko waiwaye ba ta yi ba. Daga baya ya gano dokar gidan: duk wanda ya rubuta ƙorafi, manaja kan turo wadda ta kawo abincin ta ba shi haƙuri. Sai ya ɗauki biro.

Talata, miya ba gishiri. Alhamis, nama ya yi tauri. Asabar, abinci ya huce. Kullum sai Auta ta tsaya minti biyar tana ba da haƙuri, shi yana kallonta, farantin kuwa ya suɗe shi tas. A takarda ta uku ya sa lambar wayarsa.

Da la'asar saƙo ya shigo:

"Ƙorafi uku a wata ɗaya kora ce. Gobe za a sallame ni. Kukun da kake kushewa kuma babana ne. Na gode."

Da safe ya je da rigar aikinsa. Gaban manaja da ma'aikata ya ce, "Ƙarya na yi duka ukun. Abincin ba laifi. Ita nake son gani."

Manaja ya yaga takardun. Kukun ya fito riƙe da ludayi.

"Shekara ashirin ba wanda ya raina girkina. Fita!"

Auta ta bi shi bakin ƙofa. "Kai dai sakarai ne. Me ya hana ka ce sannu?"

"Bakina nauyi, Autata."

"Amma hannunka ba nauyi."

Ta yi dariya, karo na farko.

Wata huɗu Dogo yana tura kawunsa wurin kukun neman aurenta, tsohon yana maido shi. Auta ta daina tanka wa ɗan manajan, wanda shi ma ke bibiyarta. A na biyar tsohon ya sauko.

Bayan ɗaurin aure ya riƙe hannun Dogo.

"Har yau ban huce ba. Amma namijin da zai tsaya gaban mutane ya ce ƙarya ya yi, ba zai ɓoye wa 'yata komai ba. Ku je, Allah ya yi muku albarka."