Awa Goma Sha Ɗaya a Sama

Tun ƙarfe sha ɗaya na safe Auta ta kashe keken ɗinki ta tasa waya a gaba. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya tashi a jirgin sama da shida na safe zuwa kwas a wani gari mai nisan gaske. Ga hoton tikitinsa a wayarta, an rubuta sauka sha ɗaya, kuma ya yi alkawarin ƙafarsa na taɓa ƙasa zai kira.

Azahar ta yi, la'asar ta kawo kai. Shiru kake ji.

Gwaggo, wadda ta rene ta, tana falo tana kaɗa ƙafa. Dama can ba son auren take ba, wata huɗu ke nan tana neman inda za ta kama Injiniya da laifi.

"Shida zuwa sha ɗaya awa nawa? Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga yatsuna! Ya sauka tun ɗazu, wata ce ta tarbe shi."

"Haba Gwaggo, ƙila netwok ne..."

"Netwok ɗin gidanku! Rubuta masa ya aiko miki da takardarki, ki tashi mu tafi gida."

Hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar Auta ta rubuta, "Ka sake ni." Ta kai yatsa kan wurin turawa. Can ta goge.

"Ki yi haƙuri Gwaggo. Ko laifi ya yi, sai na ji daga bakinsa."

"Zauna nan, uwar 'yan soyayya!"

Wajen shida na yamma wayar ta ɗauki ƙara, kiran bidiyo. Ga Injiniya, ido ya yi zuru-zuru.

"Autata! Sori, yanzu aka buga mana fasfo. Awa goma sha ɗaya cur muna sama, ƙafafuna har sun kumbura!"

"To ba sha ɗaya tikitin ya ce ba?"

"Sha ɗayan garin nan ce. Kun riga mu da awa shida, duba ki gani." Ya juya wayar ga ƙaton agogon filin jirgin: sha biyu daidai, rana tarwai ta taga.

Auta ta sulale ƙasa tana kuka tana dariya, wani sanyi ya ratsa ta har ƙafa.

Gwaggo ta leƙo ta bayan kafaɗarta, baki buɗe. "Wato ku can ko azahar ba a yi ba? Ikon Allah! To... ka samu ka ci abinci kuwa, ɗan nan?"

"Sai yanzu zan nema, Gwaggo. Ina kunna waya na duba ko Auta ta turo mini saƙo."

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Da Auta ta biye wa zuga, kalmomin nan uku ne za su fara tarbar bawan Allah a garin da bai san kowa ba. Kafin ku yanke wa mutum hukunci, 'yan'uwa, ku daure ku ji daga bakinsa tukuna.