Shafin Mai Maganin Suga

Da hantsi aka kira Insifekta: wani tsohon tela ya rasu a kan keken ɗinkinsa, ga kwalbar magani a gefe. Kafin ya dawo ofis, ƙannen mamacin sun kawo 'yarsa, wai ita ta kashe shi.

"Ke kika sayo masa?"

"Ni ce, Yallaɓai. Saƙo ne ya yi ta shigo min ta imel, wai yana raba mutum da ciwon suga. Baba ya gaji da allura." Ta goge ido. "Shi ya ce in gwada masa."

Likita ya ce alli ne da ruwa. Barin allurar ne ajalinsa.

Saƙon ya kai Insifekta wani kamfani mai ba mutane wurin buɗe shafin intanet kyauta. Manaja ya tarbe shi da fara'a.

"Ranka ya daɗe, shafuka dubbai ne. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Wa ke karɓar ƙarar?"

Ya nuna wani tebur a lungu. Ba kujera, ba kwamfuta, sai butar shayi.

"Butar ce ke amsa musu?"

Ba wanda ya yi dariya. Wata ma'aikaciya ta miƙe a hankali.

"Teburina ne a da. Na rufe shafin mai maganin, Oga ya buɗe. Na sake rufewa, ya canza min aiki."

Manaja ya nemi wuri ya zauna.

"Ka san mai maganin?"

"Na san shi. Zan kai ku gidansa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kyauta muke bayarwa, masu talla ke riƙe da mu, su kuma yawan shafuka suke dubawa. Shi kaɗai yakan buɗe ɗari a yini. In na kore shi, da me zan biya yaran nan? Na ɗauka saƙo ne kawai, kowa gogewa yake yi."

"Ba kowa ba."

Kofur ɗin da ya rako Insifekta ya sa wa Manaja ankwa. Ma'aikaciyar ta sunkuya kan kwamfutarsa, ta danna sau ɗaya, shafin mai maganin ya rufe.

"Shi ke nan?" in ji Insifekta.

"Shi ke nan, Yallaɓai."

Da yamma a ofis, Insifekta ya buɗe wa 'yar telan ƙofa da hannunsa.

"Tashi ki je gida, 'yata. Ba ki da laifi."

Ba ta motsa ba.

"An kai Baba?"

Insifekta ya dubi ƙasa.

"Tun azahar."