Ɗigon Saferabi a Kan Burodi

Gab da la'asar aka buga waya ofishin 'yan sanda: an tsinci gawar tsoho Ilarion a cikin randar giyarsa.

Randunanmu na yankin Kaheti a ƙasa ake binne su a rufe bakinsu da murfin dutse, babbar takan haɗiye ƙato har da hannunsa a ɗage. Sufeto Rebaz ya haska ciki, ya ga dattijon a dunƙule, faratansa duk sun kakkarye. Tsani kuwa yana can jingine da bango.

"Wa ya ɗaga murfin?"

"Ni ne, Yallaɓai," in ji Shalba, maƙwabcinsa, wanda ya jagoranci ɗaga kofin fatan alheri a walimar da aka yi a gidan ranar. "A rufe na same ta. Wankinta ya shiga yi, tururin giya ya shaƙe shi."

"Wato ya shiga, ya fitar da tsani, ya rufe kansa da dutse. Lallai tsohon da sauran ƙarfinsa."

Ba wanda ya yi dariya, ba kuma mai kuka. Ilarion mugu ne, kowa ya sani, ni ma ba zan yi masa kara ba don ya mutu.

A tsakar gida tebur na nan yadda baƙi suka bar shi: cuku mai gishiri, yalo da tafarnuwa, tsiren rago, da tulunan Saferabi, giyar nan da ta yi ja har ta koma baƙa. Eteri, matar Gocha ɗan marigayin, tana kwashe kwanuka.

"Ina mijinki yake kafin a zauna?" Sufeto ya tambaye ta.

"Yana bakin wuta. Ko nan da can bai je ba."

Sufeto ya juya tsire ɗaya. Gefe guda gawayi, ɗayan ɗanye.

"Saferabi nama mai maiƙo take so, wanda aka yi ta juyawa a garwashin itacen inabi. Mutumin da ke tsaye a kan wuta ne ya yi wannan ta'asar?"

Ta ci gaba da kwashe kwanuka.

"Walimar mece ce?"

"Baƙi aka yi daga birni. Baba ya ce a kwashe musu randar Lasha." Lasha ɗansu ne tilo ita da Gocha. Ranar da aka haife shi aka rufe masa giyar don ranar aurensa, bara kogi ya tafi da shi. "Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce gawa ba ta aure, nama kuma yana hucewa."

Sufeto ya zagaya teburin, ya tsaya a kan wani gutsuren burodi da giya ta jiƙa.

"Wa ya zauna nan?"

"Gocha," in ji Shalba.

"Kun riga kun sha don tunawa da mamata?"

"Ban kai nan ba. Da maigida bai fito ba, muka ɗauka fushin nasa ne ya motsa. Sai na ɗaga kofi na roƙa masa tsawon rai, shi ne Gocha ya..." Ya kama bakinsa.

A wurinmu mamaci kaɗai ake ɗiga wa giya a kan burodi, kuma a lokacin ba wanda ya san Ilarion ya mutu.

Gocha na zaune a bakin murhu. Sufeto ya ajiye burodin a gabansa.

"Ana roƙa wa babanka tsawon rai, kai kana yi masa na gawa. Wa ya faɗa maka?"

Gocha ya kalli burodin. "Hannuna ne ya yi, Yallaɓai. Ban ma sani ba."

"Tsanin fa?"

"Wannan na sani. Ya shiga yana kankare randar yarona, yana yin fito da baki, wai za a zuba sabuwa. Na zare tsanin, na rufe, na zauna a kan dutsen har ya daina kira. Shi ya sa naman ya ƙone."

"Me yake cewa?"

"'Ɗana.' Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta a bakinsa ba."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwaya yana neman idon matarsa, ita kuwa ba ta ɗago ba. Burodi ta gutsura, ta karkata tulun giyar Lasha, ta ɗiga wa mijinta nasa yana kallo.