Hujin Ƙusa a Maɗaurin Agogon Baba

"Sati uku ba kira, ba saƙo... sai yau da agogo ya samu matsala aka tuna da ni?"

Mai Agogo ne ya faɗi haka, gilashin aikinsa maƙale a ido ɗaya. Na ajiye agogon Baba a kan teburinsa.

Me zan ce masa? Baba ya rantse ba zai ba da autarsa ga mai zaman rumfa ba. Abokin Yayana kuma, wanda turarensa ke riga shi shiga gidanmu, ni yake so, shi ya sa ya tsegunta wa Baba wai Mai Agogo yana kwashe kayan cikin agogon mutane ya zuba na banza. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta zauna daram a kunnen Baba.

"Agogon lafiyarsa lau," na ce. "Maɗaurin ne."

Tsohon maɗaurin fata ne ya tsinke. Abokin Yaya, don neman gindin zama, ya ruga ya sa aka saka na ƙarfe mai walƙiya, ko hannun Baba bai kalla ba. Da Baba ya ɗaura, agogon ya zame har bayan hannunsa. Ya jefa shi a durowa, amma kullum sai in kama shi yana duba hannunsa wayam. Shi ne na ɗauko a ɓoye, haɗe da tsohuwar fatar.

Mai Agogo ya juya fatar, ya sake juyawa. Murmushinsa ya ɗauke.

"Uwar latti, matso ki gani. A wannan hujin ya yi shekaru yana ɗaurawa, kin ga yadda wurin ya lanƙwashe ya yi baƙi. Sai ya matso nan, ya sake matsowa nan. Wannan na ƙarshen kuma da ƙusa aka huda shi, shi ya sa ta tsinke daga wurin."

"To, sai me?"

"Babanki yana ramewa, masoyiyata... kuma cikin 'yan watannin nan ne."

Ni da nake kai masa abinci kullum, manyan rigunansa sun rufe min ido.

"Ka saka sabo kawai, in mayar kafin ya farga."

"Ba na huda fata da ka. Sai na auna hannun mai ita."

"Zai kore ka!"

"Ya bari in auna tukuna, sai ya kore ni."

Da yamma muka samu Baba a falo, Umma na kicin. Baba ya kalli agogon, ya kalle ni, sannan ya ɗaure fuska tamau.

"Kai ne mai kwashe hanjin agogo?"

Mai Agogo ya durƙusa. "Ni aka ce, Baba. Shi ya sa na zo da kayan aikina, a yi komai a gabanka. Bayansa ma ba zan buɗe ba."

Baba bai ce to ba, bai ce a'a ba. A gidanmu wannan izini ne.

Mai Agogo ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa. Da wani siririn tsinke ya danna ƙarfen da ke riƙe maɗaurin, ya cire shi. Ya auna faɗin wurin, ya zaɓi fata ruwan ƙasa wadda ba a huda ba. Sannan ya yago siririyar takarda.

"Baba, a ara min hannu."

Baba ya daɗe kafin ya naɗe hannun rigarsa. Sai a lokacin na ga yadda ƙashin tsintsiyar hannunsa ya fito.

Mai Agogo ya zagaye hannun da takardar, ya yi alama da biro, ya yi ƙasa da murya.

"Yaushe rabonka da ganin likita, Baba?"

Baba ya saci kallon ƙofar kicin. "Wa ya gaya maka?"

"Tsohuwar fatar."

"Na ɓoye wa matata, na ɓoye wa 'ya'yana... ashe guntuwar fata ce za ta tona ni." Ya sauke ajiyar zuciya. "Tsoron abin da likita zai faɗa nake yi, yaro."

Ban taɓa jin Baba ya ambaci tsoro ba. Hawaye suka zubo min, ban ma share ba.

Mai Agogo ya huda fatar sau uku, ya haɗa, ya ɗaura masa, ya zura ɗan yatsa ƙarƙashi don ya ji ko ya matse. Ya zauna cif.

Baba ya ƙura wa maɗaurin ido. "A hujin ciki na ƙarshe ka ɗaura min. Sauran biyun duk na mai ƙiba ne. In na ƙara ramewa fa?"

"Ban huda ta can ba, Baba. Ba can za mu ba."

Baba ya shafa sabuwar fatar da yatsa. Can ya ɗaga murya ya kira Umma, ya ce ta zo ta zauna, akwai magana.

Washegari muka je asibiti. Ciwon suga ne, likita ya ce an zo da sauran lokaci. Abokin Yaya ya aiko da kwalin lemon kwalba a matsayin dubiya, Yaya da kansa ya mayar masa da abinsa.

Ban sake tayar da zancen aure ba. Ina son Mai Agogo kamar raina, amma na kama bakina, na bar wa Allah.

Bayan wata uku, ina miƙa wa Baba magani, ya kama ɓalle agogonsa yana gunaguni.

"Auta, kira min yaron nan. Na kai hujin waje na ƙarshe, ga shi har ya fara matse ni."

"In ce ya zo da kayan aiki?"

"Ki ce ya zo da manyansa. Ni ba zan riƙa hawa mota saboda huji ɗaya ba, gara a samu mai agogo a gida."