Muryar Inna a Ɗakin Tayil

Ranar da Radiyya ta fara ganin Ubaidullahi, yana tsaye ne a tsakiyar wani ɗaki a saman benensu na Zongo, yana ta tafi shi kaɗai. Ya tafa, ya kasa kunne, ya koma kusurwa ya sake tafawa. Ta tsaya a bakin ƙofa da tiren ruwa, tana cewa a ranta yau kam Baba ya kwaso mai taɓin hankali.

"Malam, lafiya? Biki ake yi?"

Ya juyo a kunyace. "Pardon, ɗakin nake saurare. Ke ma tafa ki ji."

Ta tafa. Ƙarar ta bugi bango ta dawo, ta sake dawowa. Suka yi dariya, ɗakin ma ya taya su. Daga ranar ta raɗa masa suna Mai Tafi, shi kuma ya rasa sukuni.

Mahaifinta, Alhaji Idrisu, babban dillalin tayil ne, kuma ɗakin sinima yake son haɗawa a gida. Saboda ƙaunar sana'arsa ya lailaye ɗakin da tayil, ƙasa da bango har rufi. Mutanen unguwa sun ɗauka burga ce. Radiyya kuwa ta san dalili. Akwai wani tsohon bidiyo na ranar sunanta, nan kaɗai muryar marigayiya mahaifiyarta, Hajiya Balkissa, ta rage a duniya. Amma in aka kunna majigi, fuskar Inna ta cika allo, sai maganarta ta cakuɗe da amsa-kuwwa, ba a tsintar ko kalma ɗaya.

Ubaidullahi gyaran sauti ya karanta, sai dai bai karanci tauna magana ba. Kai tsaye ya ce, "Alhaji, injin ba shi da laifi. Tayil ɗin ne matsala."

Wannan kalma ta ja masa. Aka sallame shi daga aikin, da manyansa suka zo nema masa izinin zance kuma, Alhaji ya ce yaron da ya kushe sana'arsa a cikin gidansa ba zai zama surukinsa ba. Radiyya ta yi kuka har idonta ya kumbura, don ta riga ta kamu da sonsa.

Ana nan sai ga Abdel, ɗan aminin Alhaji mai fiton kaya a tashar jirgin ruwa, da wasu lasifikoki kamar firji. Ana kunnawa tagogi suka hau rawa, muryar Inna ta ƙara nutsewa. Bayan la'asar saƙon Ubaidullahi ya shigo wayar Radiyya:

"Radi tawa, na ji Abdel ya kawo kaya, wai har da maganar aure. In gaskiya ne ki faɗa mini da kanki, zan daure."

"Mai Tafi, ciwon kai kawai ya kawo mana. Zuciyata ba a fitonta a tashar jirgi. Don Allah, in ba a fasa tayil ɗin Baba ba, babu wata dabara?"

"Akwai, ma chérie. Bangon abu mai laushi yake so. Auduga mai kauri cikin firam ɗin katako, a lulluɓe da yadi. Kafet a ƙasa, labule a taga. Ƙananan lasifikoki sun isa, ɗaya a ƙarƙashin allo don magana."

Yadi. Radiyya ta daɗe tana kallon kalmar. Akwai akwatin atamfofin Inna, wanda Alhaji bai yarda an buɗe ba tun rasuwarta. Ta je ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, ba wanda zai taɓa tayil ɗinka. Ka bar zannuwan Inna su rufe shi kaɗan, ko ma ji ta."

Alhaji ya laluba aljihunsa. Can ya miƙo mabuɗi. "Kada almakashi ya kusanci ko ɗaya."

Haka Ubaidullahi ya dawo, wannan karon bakinsa a ɗaure. Shi da kafinta suka haɗa firam, Radiyya tana naɗe kowane zane tana ɗaure shi ta baya da zare, ƙamshin turaren Inna ya cika ɗakin. Ya janye kujera daga jikin bango, ya tafa sau ɗaya. Ƙarar ta tsaya inda aka yi ta.

Alhaji ya zauna, aka kunna. Ga Hajiya Balkissa tana miƙa masa jaririya, muryarta tangaran kamar tana ɗakin:

"Alhaji, riƙe ta da kyau mana, ai ba kwalin tayil ba ce!"

Dattijon ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, bai kuwa ɓoye ba. Ya ce a mayar, aka mayar. Sai da ya share fuska ya dubi Ubaidullahi.

"Bakinka ba shi da birki, amma ba ka yi mini ƙarya ba. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan Babbar Salla, Zongo ta cika ta batse, har Abdel ya zo da lasifikokinsa, waɗanda a fili kam sun yi rana. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya kama hannunta ya sa a na ango, ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Sannan ya rage murya, yadda su biyun kaɗai za su ji.

"Ka dai ji abin da uwarta ta ce. Riƙe ta da kyau."