Dambun Gidan Manzo

Ranar da Ashiru ya fara ganin Safiya, a laɓe yake bayan buhunan albasa a tashar Tahoua. Motar garinsu Bambeye ce ta tsaya, ya hango maƙwabtansu suna sauka, sai ya duƙa kamar marar gaskiya.

"Malam, in albasa za ka sata, mai ita yana masallaci. In kuma cuku kake so, ga ni."

Ya ɗago kai. Budurwa ce zaune da faifan cuku a gabanta, tana danne dariya da bakin gyale.

"Takalmina nake gyarawa," in ji shi.

"To, Allah ya ba takalmi lafiya. Motar dai ta wuce."

Kunya ta rufe shi. Ya sayi cuku ɗaya don ya samu hanyar tafiya, amma washegari ya dawo, jibi ma haka.

Abin da yake ɓoyewa ba ƙarami ba ne. Shekarar da yajin aiki ya cinye karatu ya bar lakwal, wato makaranta, ya tafi bida, neman kuɗi, Abijan. Ya yi shekara huɗu a can, darajar kuɗin sefa ta karye, shagon da yake wa aiki ya rufe, ya dawo da riga biyu a leda. A Bambeye kuwa ɗan bida da akwati yake sauka, da rediyo, da turmin zane na uwa. Da mota ta iso Tahoua sai ƙafarsa ta ƙi gaba. Wata biyar ke nan yana dako a tasha, mahaifiyarsa Hajaratu tana can tana zaton yana Abijan.

Mutum ɗaya ya san wannan, wani baduku a bayan kasuwa mai suna Manzo. Takalmi Ashiru ya kai masa ɗinki wata rana bayan azahar, ya tarar ya dawo daga gida da kwano a ƙulle cikin tsumma.

"Wanke hannu, yaro. Tun da mai ɗakina ta rasu abinci ba ya wuce min ni kaɗai."

Dambu ne da zogale, an bi shi da man shanu da yajin ƙuli. Ashiru ya ci har ya suɗe yatsu. Daga ranar kwanon ya zama nasu su biyu. Suna ci suna gardamar jam'iyyu, suna rigima kan ƙanzo. A bakin kwanon nan Ashiru ya kwance cikinsa duka, har da ranar da ya kwana biyu bai ci ba a Abijan. Shi ma tsohon ya faɗa masa ɗansa Nasiru ya tafi Libiya shekara uku, ko takarda babu.

"Wa ke yin dambun nan, Baba?"

"Yarinyar gidan."

Bai taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce, yana kunyar sunan. Safiya ma ba ta kiran sunan mahaifinta, Baba kawai take cewa. Ashiru bai kawo komai a ransa ba.

A tasha kuwa zance ya yi nisa. Safiya tana naɗe masa cuku a takardar kaye, littafin 'yan makaranta, a cikin takardar akwai rubutu da biro.

"Ɗan Abijan, jiya ba ka zo ba, cuku ya yi fushi. Mai cukun dai ba ta ce komai ba."

Ya mayar mata: "Safiyata, buhu talatin na sauke jiya, amma rashin ganinki ya fi su nauyi."

Da abin ya cika masa ciki, wa zai gaya wa in ba abokin kwanonsa ba?

"Baba, akwai wata mai cuku a tasha. In ta yi dariya, wallahi mantawa nake ban da ko sisi."

Manzo ya ƙware. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya tura masa kwanon.

"Ci dambu," kawai ya ce.

Bayan sati biyu takarda ta zo da wani launi.

"Ashiru, Abdurazak mai sabon moto, babur ɗin nan, ya turo manyansa gidanmu. Na gaya wa Baba ina da wanda nake so. Ya ce ka zo ya gan ka, Juma'a bayan la'asar. Gida mai jar ƙofa kusa da injin niƙa. Kada ka laɓe."

Ya ari riga, ya goge takalmi, ya tafi. Ya yi sallama a jar ƙofa, muryar da ta amsa kuwa ya san ta sarai. Manzo ne zaune a zaure, da basillarsa a hannu.

Duk abin da ya faru a watannin nan ya taso wa Ashiru lokaci ɗaya. A ƙasarsu saurayi ko ruwa ba ya sha a gaban uban budurwa, in ya hango shi a hanya ma kaucewa yake. Shi kuwa ya tsoma hannu kwano ɗaya da shi, ya ƙwace masa ƙanzo, ya yi gyatsa a gabansa, ya kuma yaba masa dariyar 'yarsa! Bai san lokacin da ya juya da gudu ba, takalmi ɗaya ya bari a bakin ƙofa.

Kwana uku bai bi ta bayan kasuwa ba, bai leƙa wajen cuku ba. Ya fara tambayar kuɗin motar Agadas, hanyar Libiya. A rana ta huɗu yana zaune kan baro sai aka ajiye takalminsa a gabansa, an yi masa sabon ɗinki. Ya sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji.

"Kwana uku ina mayar da kwano a cike," in ji Manzo. "Yarinyar gidan tana kuka, ta ɗauka hannunta ne ya lalace."

"Baba, ka yafe min. Ban sani ba."

"Ni na sani, kuma na yi shiru. Na ji tsoron in na faɗa in koma ci ni kaɗai. Wannan kunyar tawa ce, bar min abata." Ya zauna a gefen baron. "Amma ba zan ba ka ita ba."

Ashiru ya ɗago kai ya dube shi. Tsohon ya ci gaba.

"Ba don moto ba, mi zan yi da moto? Ni duk motar da ta fito daga arewa sai na miƙe na duba ko Nasiru ne. Uwarka ma haka take yi, kai kuma kana nan kusa da ita kana ɓuya bayan albasa. Wanda ya iya wannan, wata rana ɗiyata zai yi wa. Ka je gida da ledarka. In ka dawo da manyanka, mu yi magana."

Da yamma Safiya ta miƙo masa ƙullin cuku goma, idonta a ƙasa. Takardar ta ce: "Ka kai wa Inna. Ka ce daga Tahoua ne, kada ka ce Abijan. Ina jiranka, sarkin gudu."

Da rana tsaka ya sauka Bambeye, kowa yana gani. Ya ji wata tana cewa, "Ina akwatin?" Ya daure ya wuce. Hajaratu tana sussuka, ta saki taɓarya. Ya durƙusa zai fara bayani, ta kama kansa tana shafawa kamar mai duba ko ya cika.

"Inna, ban zo da komai ba."

"Rufe min baki. Shekara huɗu zane nake jira? Tashi ka ci tuwo, duk ka rame."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a zauren jar ƙofa. Aka raba goro da dabino, aka yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma dawo da na nesa gida. Manzo ne ya fi kowa ƙarfin amin.

Sai dai yanzu surukuta ta tabbata, kwano ɗaya ya haramta. Sati guda Ashiru yana zagaye rumfar dukanci ta wani lungu. Ran nan Safiya ta ɗora masa kwano a hannu.

"Angona, kai wa Baba. Ya ce kai yake so ka kawo."

Da ya isa ya tarar an rataye tsohuwar tabarma a tsakiyar rumfar, ta raba ta biyu, an bar taki ɗaya tsakaninta da ƙasa.

"Ajiye shi a ƙarƙashi," in ji murya daga bayan tabarma. "Ni ban ga surukina ba, shi ma bai gan ni ba. Wanke hannu."

Ashiru ya zauna, ya yi bisimilla. Can sai hannu biyu suka haɗu a gindin kwano.

"Kai na bayan tabarma," in ji Manzo, "ko waye kai, sakar min ƙanzona."