Yunit Biyun da Suka Rage

A layin ofishin malamar da ke sa hannu a fom ɗin rajista suka fara haɗuwa. Ita tana jingine da bango, idonta ya kawo ruwa, domin karo na biyu ke nan ana dawo mata da fom ɗinta. Shi yana bayanta, dogo siriri, da wani ɗan littafi da ya ji jiki a aljihun rigarsa. Littafin ƙa'idojin sashen kimiyyar bayanai ne, wanda ake raba wa kowane sabon ɗalibi ya jefa ƙasan akwati. Shi kaɗai ya karance shi kamar zai yi jarrabawa a kai, shi ya sa 'yan ajinsu suka laƙaba masa Kundi.

Ya nemi izini ya duba fom ɗin. Kallo ɗaya ya yi masa, ya nuna mata cewa ta saka kwas ɗin rumbun bayanai alhali ba ta yi kwas ɗin farko na firogramin, wato rubuta manhajar kwamfuta, ba, kuma sai an ci wannan ake ba mutum wancan. Ta ce ita sabuwa ce, daga sashen sinadarai ta dawo aji biyu. Ya ari bironta, ya jera mata kwasa-kwasan dole a gefe guda, na zaɓi a ɗaya gefen, ya haɗa yunit ɗin suka cika cif.

Da ta fito da sa hannun malama, ta tarar ya bar layinsa ya wuce yana jiranta.

"Biron naki na manta ban ba ki ba," ya ce.

"Ko dai ka ƙi ba ni?"

Bai musa ba.

Auta ake kiranta a gida, shi kuwa Ɗalibata ya sa mata, ita ta rama da Malamina. Teburin kusa da taga a laburare ya zama nasu. Ya koya mata firogramin har ta daina tsoron jan rubutun da kwamfuta ke fitarwa in an yi kuskure. Ita kuma ta gano cewa duk haddarsa, ƙididdiga na ba shi wuya, ta zaunar da shi ta yi ta yi masa tisawa tana dariya.

Ranar da sakamakonsa ya fito ya turo mata saƙo: "Ɗalibata, na ci ƙididdiga. Yanzu lissafi ɗaya ya rage min, kwana nawa zan yi kafin in zo gaishe da Baba?"

Ta amsa: "Malamina, wannan kwas ɗin yana da sharaɗi. Sai ka gama, ka samu aiki, sannan a ba ka fom."

Ya gama, domin ya girme ta da aji ɗaya, ya samu aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya na wani asibiti, ya je gaisuwa.

Mahaifinta mai kantin magani ne. Burinsa Auta ta karanci haɗa magunguna ta gaje shi, kuma har lokacin bai huce da canjin sashen da ta yi ba. Karatun jera littattafai a laburare yake kiran abin da take yi. Ya amsa gaisuwar Kundi a daƙile, ya ce ba maganar aure sai ya riƙe sakamakonta na ƙarshe a hannu. A kantin kuma akwai wani matashi mai haɗa magani, ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana son Auta, kuma Baba ya fi karkata gare shi.

Ana tsakiyar zangonta na ƙarshe, ta kawo wa Kundi takardun sakamakonta duka don ya taya ta cike fom ɗin kammalawa. A ranar ya fara ganin na shekararta ta farko. Ya duba, ya sake dubawa, murmushinsa ya ɗauke. Akwai kwas ɗin rubutu da sadarwa mai yunit biyu da sashen ya wajabta wa kowa a aji ɗaya. Wanda ta yi a tsohon sashenta sunansu ne kawai ya yi kama.

Ta ce ai shekara uku ana sa mata hannu ba wanda ya lura, su yi shiru. Ya ce kwamitin tantancewa zai gani. In ta kai kanta yanzu za a bar ta ta yi kwas ɗin a gajeren zangon hutu, wata uku, in kuwa su suka gano, shekara guda ce cur.

"Ka san abin da Baba zai ce," ta faɗa. "Ka fi son littafin nan a kaina."

"Laifina ne da ban nemi takardar nan tun farko ba. Amma ba zan taya ki ɓoye abin da zai cutar da ke ba."

Ta tattara takardunta ta tafi. Kwana goma sha ɗaya ba ta ɗaga wayarsa. Kullum da safe yana turo saƙo, tana karantawa ta kife wayar. Na ƙarshe ya ce: "Abar ƙaunata, ki yi fushi da ni yadda kike so, zan jure. Amma jibi ake rufe rajistar zangon hutu. Ko ba za ki aure ni ba, ki je."

Ta yi kukanta ta gaji, washegari ta je wajen malama, daga can ta wuce kanti ta faɗa wa Baba gaskiya. Matashin nan yana jin su. Da ta fita ya ce wa Baba ai dama yaron laburaren nan ne ya ɗauke mata hankali. Baba ya hau faɗa, ya ce kada Kundi ya sake taka masa ƙofar gida.

Mama ce ta lallaɓa shi, ta ce mutumin da ba ya sayar da magani sai ya karanta takardar likita da idonsa bai kamata ya yanke hukunci da jita-jita ba. Ya sa babbar rigarsa ya tafi jami'ar da kansa.

Malama ta karɓe shi da girmamawa. Ta buɗe fayil ɗin Auta ta nuna masa makin da ya kusa zama na ɗaya a ajin, da aikinta na kammalawa, wata manhaja mai sanar da mai kanti maganin da ya kusa lalacewa. Sannan ta ce kuskuren na ofis ne, ya wuce ta gaban idonta sau shida, kuma ba don Kundi da ya gano shi ya dage ba, da shekara ta tafi.

Baba ya dawo gida. Bayan kwana biyu ya ce Auta ta saka masa manhajar nan a kwamfutar kanti. Ta fito masa da kwali huɗu da saura mako uku su lalace. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ta ko yaron nan yana da lambar waya, kamar bai sani ba.

A ranar ta tura saƙo: "Malamina, ka yafe min. Baba ya ce ka turo manyanka."

Amsar ba ta yi minti ɗaya ba: "Na yafe tun kafin ki gama fushin. Ki je ki yi karatu, gobe kina da tes."

Ta zauna cikin 'yan aji ɗaya wata uku suna kiranta Anti, ta ci kwas ɗin. Mako shida bayan fitowar sakamako aka ɗaura aure.

Da za a tafi da ita, Baba ya kira su biyu falo. Auta tana kuka, shi ma yana ta gyara tabarau ba gaira ba dalili. Ya kama hannunta ya sa a na mijinta.

"Ka faɗa mata gaskiya ranar da gaskiyar za ta iya raba ka da ita," ya ce. "Ba ni da sauran abin da zan bincika a kanka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Mama ta amsa da amin, ta share wa 'yarta hawaye da bakin mayafinta, ta raka su har mota.